Da Bakina Aka Kama Yayata

Duk wanda ya ji labarin Yayata, abin da yake fara cewa shi ne asiri aka yi mata. Wasu har da cewa ƙungiyar masu shan jini ce, da jan ƙyalle da ƙwarya. Babu ko ɗaya. Ni na yi wata goma sha ɗaya ina zuwa gidan da take ciki yanzu, ban taɓa ganin komai ba sai darduma da carbi da mata cikin hijabi. Abin da aka yi wa Yaya da bakina aka yi shi, shi ya sa na rubuto muku.

A lokacin shekarata goma sha tara, na gama sakandare ina jiran sakamako, ina zaune wurin Yaya a Nasarawa GRA. Ni mutum ce mai gajen haƙuri, abin da ke cikina shi ne a bakina. Farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, ga Shari'a an ƙaddamar, gari ya ɗauki zafi, kowa so yake a san shi ma mai addini ne. Islamiyyarmu ta ishe ni. Malaminmu sai ya yi wata yana bitar alwala, in kin yi tambaya ya ce bari ya duba littafi, gobe zai ba ki amsa. Ni kuwa yanzu-yanzu nake so. Sai wata maƙwabciya ta kai ni wani gida mai doguwar katanga, layi biyu daga namu, inda wata mata da ake kira Malama take karantar da mata zalla. Matan likitoci ne da matan manyan ma'aikata, motoci har bakin titi. Malama ba ta taɓa cewa bari ta duba littafi ba. Wannan ne ya burge ni, alhali shi ya kamata ya ba ni tsoro.

Duk ranar Alhamis akwai abin da suke kira wankin zuciya. Ɗaya bayan ɗaya za ku shiga ɗakinta, ki faɗa mata laifinki da abin da ke faruwa a gidanku. Cewa take zuciya tukunya ce, sai an kankare ƙanzo. Tun ina ƙarama na san cewa in Allah ya rufa maka asiri ba ka tona kanka, amma na bi layi na shiga. Da laifuffukana suka ƙare, sai na koma kan na gida. Shekarar Yaya shida da aure, ɓari uku ta yi. Na ukun ko mijinta bai sani ba, don ya yi tafiya, ni kaɗai na raka ta asibiti, kuma sai da ta rantsar da ni. Duk na faɗa, har da 'yar rigar jariri da take ɓoyewa a ƙasan akwatinta. Malama ta ce in kawo mata Yaya.

Ranar da na kai ta, Malama ta kama hannunta a gaban kowa, ta rufe ido, ta ce tana ganin yara uku suna jiran ta a ƙofar Aljanna, na ukun daga ita sai Allah suka san da shi. Ta ce kuma ta je ta ciro rigar nan daga ƙasan akwati. Yaya ta zube ƙasa tana kuka, mata suka ɗauki kabbara. Ina tsaye. Ni da ba a taɓa sanina da riƙe magana ba, ranar na riƙe, saboda kunyar a ce na karya rantsuwa.

Daga nan dokoki suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Ba a zuwa ko'ina sai da izinin Malama. Ba a cin girkin wanda bai yi wankin zuciya ba. Mamanmu tana Tudun Murtala, kuma tun da aka kai Yaya gidan miji duk Juma'a sai ta aiko mata da dambu a kula. Wata Juma'a Yaya ta ce a mayar. Nan haƙurina ya ƙare. Na tambayi Malama a gaban kowa a wane littafi aka hana 'ya cin abincin mahaifiyarta, bayan Allah ya hana ko tsaki a yi wa iyaye. Ta yi murmushi ta ce tambaya ƙofar Shaiɗan ce. Daga ranar babu wadda ta ƙara amsa sallamata, har maƙwabciyar da ta kai ni. Na daina zuwa.

Na samu Yaya a kicin na gaya mata gaskiya tas, cewa ni na ba Malama labarin ɓarin da na rigar. Na zaci mari zan sha. Wallahi da marin ya fi mini. Kallon tausayi ta yi mini, ta ce ai Malama ta riga ta gaya mata zan zo da wannan maganar. Wato gaskiyar tawa ma ta zama wata sabuwar karama. Mijinta ya yi faɗa, ya yi lallashi, ƙarshe ta kwashe kayanta ta koma can gidan Malama, auren ya mutu. Kawunmu ya kai kuka wurin masu kula da harkar Shari'a, suka tambaye shi ko ana shan giya a gidan, ko maza suna shiga. Ya ce a'a. Suka ce to mata masu hijabi suna karatu, me za su kama? Lauya kuma ya ce baliga ce, mulkin dimokuraɗiyya ake yi, kowa da 'yancin addininsa.

Wadda ta gane ni ita ce tsohuwar malamarmu ta Turanci, Kirista 'yar Zariya. Ta ce ƙanenta ma haka ya faɗa hannun wani mai wa'azi, shekara shida. Ta ce kada in yi gardama da Yaya, don gardamar ce abincinsu, kuma kada in bari ta zaci ba ta da gidan komawa.

Yanzu na san bambancin, amma na san shi a makare. Malamin Islamiyyar nan da na raina, na bar shi ba sallama, har yau in mun haɗu shi ke fara gaishe ni, ya tambayi jikin Mama. 'Yan'uwana mata, kada ku tsaya neman jan ƙyalle. Ki duba ko ana barin ki ki yi tambaya, ko ana nuna miki littafi, ko za ki iya tafiya a ci gaba da amsa miki sallama. Duk inda aka ce sirrinki sai an ji, mahaifiyarki kuma sai da izini, ɗauki takalminki, ko da ayoyi suke yi miki magana.

Shekara uku ke nan. Idon Mama ya fara rauni, amma duk Juma'a sai ta turara dambun nan. In an dawo da kular ba ta tambayar komai, ɗaga ta kawai take yi ta ji nauyi, ta ajiye. Ban san ko Yaya za ta fito Mama tana da rai ba, kuma babu abin da ke hannuna. Abin da na yanke shi ne daga wannan Juma'ar an daina aiken yaro, ni zan riƙa kai kular da kaina. Zan ba maigadi, in zauna a gindin mangwaron da ke kallon tagar sama har la'asar, bakina a rufe. Baki ne ya kai ta gidan, bari in gwada ƙafa.