Babu Wanda Za a Rantse Wa

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne a bakin kasuwar Tudun Wada a Zariya. Bai taɓa zama ajin boko ba, amma ban san wanda ya kai shi son boko ba. In na taso daga makaranta na biya ta rumfarsa, sai ya goge hannu da tsumma ya karɓi littafina ya yi ta buɗawa yana neman jan biro. In ya ga alamar daidai ta yi yawa, sai ya miƙa wa telan da ke jiran kekensa ya ce, "Duba min nan, Malam." Telan shi ma ba karatun ya iya ba, amma dole ya yaba in yana son tafiya da kekensa a ranar.

Ba yabon kai ba, ina da ƙoƙari, musamman a lissafi. Makarantar gwamnati nake, ajinmu cike maƙil, wasu a benci wasu a bakin taga, amma Allah ya haɗa mu da malamin lissafi da ba ya wasa da aikinsa. A shekarar ƙarshe 'yan ajinmu kan taru a zauren gidanmu bayan la'asar ina yi musu bitar tsofaffin tambayoyi. Abin da nake nema bai da yawa: in ci jarabawar fita sakandare da kiredit biyar, har da lissafi da Turanci, in shiga jami'a in karanta aikin injiniya. In babu wannan takardar, duk zaman da mutum ya yi a sakandare ya tashi a banza.

Majalisar ƙofar masallacin unguwarmu ce ta ja min. Akwai wani Alhaji mai sayar da taya, daga Tudun Jukun yake zuwa hira, mutum ne da ya san komai, daga maganin basir har siyasar duniya. Shi ya zaunar da Baba ya ce masa yanzu ba da ƙoƙari ake cin jarabawa ba. Ya ce makarantun gwamnati kowace shekara zubar da yara suke yi, shi kuwa nasa santa ya kai su, kuma babu wanda ya faɗi ko darasi ɗaya. Santa dai makaranta ce ta kuɗi, yawanci a wani ƙauye da ido ba ya kaiwa, inda ake taimaka wa yara da amsa a cikin ɗakin jarabawa. Kowa a gari ya san da su, ba a dai faɗa da ƙarfi.

Baba bai shawarce ni ba, don a ganinsa abin farin ciki ne, ba a neman izinin wanda za a yi wa kyauta. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Na yi maka gata. Na kai sunanka santa."

Na ce, "Baba, ai na yi karatu."

Ya ce, "Na sani mana. Ga karatunka, ga taimakonsu, ka ga an haɗa biyu."

Ashe har ya je makarantarmu ya ce a cire ni daga waɗanda za a yi wa rajista, kuma an riga an rufe. Na kai kuka wurin Inna, ta ce in rufa mata asiri kada in ja da mahaifina a kan alherin da ya yi min. Malamin lissafinmu da ya ji labari ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya sa alheri. Na ji haushi ƙwarai a lokacin, amma na rasa wanda zan huce a kansa, don fuskar Baba sai sheƙi take yi.

Daga tashar Kwangila muke hawa mota zuwa ƙauyen. Ranar farko na ga abin mamaki. Makarantar 'yan azuzuwa ne a tsakiyar gonakin masara, amma masu jarabawa sun fi mutanen ƙauyen yawa. Akwai matan aure da goyo, akwai magidanta da suka aske gemu suka matsa cikin yunifom ɗin aro, maɓalli na neman tsinkewa. Wanda ke kusa da ni ya isa ya haife ni, kuma da ladabi ya roƙe ni in nuna masa inda ake rubuta suna.

Da an raba takardu sai mai sa ido ya tuna yana da waya da zai amsa a gindin mangwaro. Wani malami ya shigo da alli ya cika allo da amsoshi, ɗaki ya yi tsit sai ƙarar biro. Ni kuwa girman kai ne ko tsoron Allah ne, ko duka biyun, na dafe goshi da hannun hagu na sunkuya na yi aikina. Ranar lissafi malamin ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, ga abinci an dafa, kana hura wuta?" Na ce masa na kusa gamawa. Ya yi tsaki ya wuce. Haka na yi har takarda ta ƙarshe, kuma na fito ina jin na ci, ci na haƙiƙa.

Da aka ce sakamako ya fito, muka ɗunguma kafe, shagon intanet, ni da abokan bitata, kowa da katin dubawa. Ɗaya bayan ɗaya mai kafen yana buga musu. Ba duka suka ci ba, amma da yawa sun tsallake, har wani da na sha wahala kafin ya yarda akwai lamba ƙasa da sifili ya samu kiredit a lissafi, ya rungume ni yana ihu. Da aka zo kaina, mai kafen ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juyo min da fuskar kwamfutar. Sunana na nan, hotona na nan, amma gaban kowane darasi babu komai. Ya ce, "An riƙe naka. A ina ka rubuta?" Da na faɗa masa, sai ya ce tun safe duk wanda ya zo daga can haka yake gani.

Daga nan sai jira. Aka ce ana bincike, ana sakin wasu, a yi ta addu'a. Na riƙa komawa kafen har mai shi ya daina tambayata abin da ya kawo ni. Baba ya je ƙauyen ya tarar da makaranta a kulle, awaki na kwance a baranda. Alhajin taya ya ce shi dai a lokacin nasa yaran ba a yi haka ba, ya kuma rage zuwa hira. Abokaina suka fara maganar neman gurbi a jami'a da kwaleji, in sun gan ni sai su canza zance, wannan ya fi min ciwo a kan su yi ta yi a gabana. Ina zuwa rumfa ina taya Baba wanke ƙarafa da kananzir.

Wata rana muna aiki ya ajiye sukudireba ya ce, "Ka gaya min gaskiya. Ka kalli allon nan?"

Na ce, "Wallahi Baba ban kwafa ba."

"Za ka iya dafa Alƙur'ani?"

"Zan iya."

Sai na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda ya gano inda keke ke cin zare. A duniyar Baba magana ta ƙare ke nan. Ya sha ganin rigima a kasuwa, ta bashi ko ta kayan ajiya, an kai gaban manya ko gaban alƙali, da an ce a yi alwala a dafa, mai ƙarya ya ja da baya, mai gaskiya a sallame shi. Ya ce gobe za mu ofishin masu jarabawar a Kaduna in rantse a gabansu, su ware takardata daga ta sauran. Na san ba haka ake yi ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga wata nawa rabona da ganinsa da irin wannan kuzari, na fasa.

Da safe ya sa babbar rigarsa, ya naɗe Alƙur'aninsa a cikin sabuwar sallaya. Muka yi alwala a gida. A mota ya hana ni gyangyaɗi don kada alwalar ta karye, in kaina ya fara lilo sai ya zungure ni da gwiwar hannu.

A ofishin mun tarar da mutane da yawa irinmu a kan benci. Da layi ya zo kanmu aka shigar da mu wurin wani ma'aikaci mai furfura, mutumin kirki, har ya tashi ya ba Baba kujera. Baba ya yi bayani tiryan-tiryan, bai ɓoye cewa shi ya kai ni ba. Sannan ya warware sallayar a kan tebur ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan da alwalarsa ya zo."

Mutumin ya kalli Alƙur'anin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, don girman Allah ka naɗe. Ni na yarda da shi ko bai dafa ba. Amma ba ni nake yankewa ba."

"To a kai mu wurin mai yankewa."

Ya ce ai ba mutum ɗaya ba ne, kwamiti ne, kuma ba a garin nan suke zama ba. Ba sa ganin ɗalibi, santa suke dubawa gaba ɗayanta. Ya karɓi lambata ya danna a kwamfuta, sannan ya ce sun ma riga sun zauna. An soke sakamakon santar duka. Sai dai in sake zama baɗi.

Baba ya ce, "Ko takardarsa ba za a ɗauko a duba ba? Ai rubutunsa daban ne." Mutumin ya ce ba a yi. Baba ya sake cewa, a hankali wannan karon, "To wa zai ji shi?" Na bayanmu a layi har ya leƙo ƙofa. Baba ya shiga naɗe sallayar, na kama masa gefe ɗaya.

A motar dawowa ya rungume ƙunshin a ƙirji yana kallon taga. Mun yi nisa sosai, har an fara hango Zariya, sannan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Da a makarantarku na bar ka, da ka ci?"

Na ce, "Allah ne masani, Baba."

Can ya ce, "Da ka ci."