Hawan Katanga Ba Sallama

Ni magini ne, ubana ma magini ne. Ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba aka miƙo mani ƙasa. Abin da zan faɗa ya faru ƴan shekaru bayan Nasara sun bar mana mulki, a wata damina da ruwa ya yi wa Agadas yawa, katangu suka jiƙe suna zubewa.

Aka kira ni gyaran katangar gidan kaso. Ƴan kaso ne ke cuɗa mani ƙasa, manyan ƙarti, sai ga wani yaro a cikinsu, ko gashin baki bai fara ba. Shi kaɗai ke taka ƙasar da gaske. Na tambayi babban gardi mai tsaron gidan laifinsa.

"Ɓarawon tattabaru ne," in ji shi. "Yana haura katangar mutane kamar ƙadangare. Ubansa ya bi ayarin gishiri zuwa garin Fashi bai dawo ba, uwar ta yi aure a Iferwan. Mai shari'a ya ce in an samu mai sana'a da zai tsaya masa, a ba shi. Amma ƙara ɗaya ta zo a kansa, nan zai dawo ya ƙarasa cikin waɗannan."

Na ce a ba ni shi. Kada wani ya ce tausayi ne ya yi mani yawa. Gwiwata ce ta fara ciwo, ina neman mai hawa bisa.

Da na kai shi gida, matata ta dube shi ta ce, "To, mu ɗaure kajinmu." Amma ta zuba masa tuwo, ta ƙara masa.

Wahalar a wajen masu gidaje take. Magini yana bisa katanga, cikin gidan kowa a buɗe yake gare shi: inda ake shanya, inda ake ajiye tukwane, inda mata ke wanka. Wa zai yarda ɓarawo ya hau masa? Wasu suka ce in zo ni kaɗai. Na ce mu biyu ne ko babu. Aiki ya ragu, na bar shi a ƙasa yana jefo mani curin laka ina cafewa, gwiwa tana cina.

A gidana na koya masa hawa. Yaɓe bai ba shi wuya ba, hannunsa mai kyau ne. Na gaya masa ƙa'idar aikin: kafin ka taka tsani sai ka ɗaga murya ka ce za a hau bisa, ka dakata maƙwabta su kintsa. In ka hau, idonka a kan hannunka. In tsautsayi ya sa ka ga wani abu, ba ka saukowa da shi, ko ni ba ka gaya wa.

Wata tsohuwa mai sayar da cuku ce ta fara yarda ya hau mata soro, don rufinta na yoyo kuma ba ta da abin sata. Da safe ina kwaɓa ƙasa, na juya, sai na gan shi can bisa. Ko motsin tsani ban ji ba. Tun yana ƙarami haka ya saba hawa, shiru, jikinsa ya riga kansa. Kafin in buɗe baki muka ji ihu daga gidan da ke baya.

Gidan wani Alhaji ne, babban falke a da, mai raƙuma da barori. Ya fito yana huci, rawaninsa a karkace.

"Magini! Kai ne ka ɗora mani ɗan kaso a kai, ko sallama babu?"

"Alhaji, kuskure ne. A yi haƙuri."

"Haƙurin a gaban mai shari'a za ka ba da shi!"

Da la'asar na tafi zaurensa. Ya bar ni a tsaye, sannan ya ce in zauna. Na lura tafin hannunsa ya yi bororo, ga dussa a gefen gemunsa. Kowa ya san Hajiyarsa ta daɗe a kwance, motocin kamyo kuma sun kashe masa fatauci, barori sun watse. Nan na gane Alhaji da kansa ke daka gero a tsakar gida. Na sunkuyar da kai kamar ban ga komai ba.

"Ranar Litinin mai shari'a ke zama," ya ce. "Zan saurara. In na ji maganar gidana a kasuwa, ko a bakin rijiya, ko yara na waƙa da ni, wallahi sai ya koma inda ka ɗauko shi."

Na dawo na tarar da yaron a bayan ɗaki, bai taɓa abincinsa ba. Na ce, "Kai, me ka gani a gidan nan?"

"Ƙasa, Baba."

"Ni ne fa ubangidanka."

"Ƙasa na gani."

Matata ta gwada shi da fura mai cuku, ta ce ita kaɗai za ta ji. Ya sha furar, ya yi godiya, ya tashi. Abokansa na da suka tare shi a hanyar ɗiban ƙasa, suna cewa tsoho tsirara ya gani ko Hajiya? Ina bayansa da jaki. Ya ce su matsa, jakin na cizo.

Kwanakin nan ban matsa masa ba, ban kuma lallashe shi ba, ban iya ba. Aiki kawai na yi ta ba shi har ya gaji ya yi barci.

Ranar Litinin muna cuɗa ƙasa a ƙofar tsohuwar nan, sai ga Alhaji cikin babbar riga, ya kama hanyar da ke zuwa biro, inda mai shari'a ke zama. Yaron ya daina taku, laka har ƙwauri. Alhaji ya tsaya a kanmu, ya daɗe yana kallonsa.

"Ɓarawon tattabaru," ya ce, "kana da baki kuwa?"

"Ina da shi, Alhaji."

"To, ci gaba da riƙe shi."

Ya juya wajena ya ce indararonsa na gabas ya tsage, in mun gama da tsohuwa mu leƙo. Sannan ya karkata ya bi lungun kasuwa.

Yaron ya zame ya zauna daɓas cikin lakar. Na bar shi ya ɗan huta, sannan na ce ya tashi, ƙasar na bushewa.