Rabin Tambulan da Malam Khiem Ya Bari

Ka taɓa zama ka ƙirga ɗigo nawa ke sauka kafin tambulan ɗaya na gahawa ya haɗu? A teburin Goggo Bakwai, a lungu na uku bayan kasuwar unguwarmu a Saigon, amsar ɗari biyu da tamanin ce, cikin minti huɗu da sakan arba'in. Ita kanta ba ta san wannan lissafin ba sai bana, bayan shekara talatin da ɗaya tana sana'ar.

Sunanta na gaskiya Sen. Ita ce ta shida a ɗakinsu, amma da yake a nan kudu daga biyu ake fara ƙirga 'ya'ya, sai Bakwai ya bi ta. Daga Go Cong ta zo birni tana da shekara ashirin da biyu, ta auri Luong bakaniken babura, bayan shekara biyar surukarta ta rasu ta bar mata teburi ɗaya, buta biyu, 'yan kujerun roba goma sha huɗu waɗanda ba su kai gwiwa ba, da matatai ashirin da shida. Kowane mataci ɗan kofin alminiyam ne mai ƙananan ramuka a gindi, da faifan dannawa a ciki, da murfi. Kan tambulan ake ɗora shi, madara mai kauri mai zaƙi tana jira a ƙasa, gahawa tana ɗiga a kanta. Ashirin da biyar na masu saye ne. Na ashirin da shida na wani ɗan gunki ne mai tumbi da ke zaune a ƙarƙashin teburi yana tsaron ciniki. Shi ake fara haɗa wa tambulan kullum da biyar da rabi na safe, kamar yadda surukar ta saba.

Da 'ya'yanta biyu, su Diem, da rufin gidansu, da babur uku da Luong ya sauya, duk daga waɗannan matatan suka fito. Amma in ka tambaye ta abin da take alfahari da shi, Malam Khiem za ta nuna maka. Tsohon malamin firamare ne, shekara goma sha tara yana zama a kujera ɗaya kusa da falwayar lantarki, da jaridarsa, ƙarfe shida da kwata. Tsofaffi huɗu ne ke zagaye da shi, kuma inda ya zauna nan suke zama. Su biyar ɗin nan su ne alamar teburin: baƙo in ya ga tsofaffi a zaune, ya san gahawar wurin ta gaskiya ce.

Wata Litinin Malam Khiem ya tashi ya bar rabin tambulan. Sen ta ɗaga tambulan ɗin ta duba ko ƙuda ya faɗa. Babu. Talata ya sake barin rabi, ya shanye shayin ƙanƙara na kyauta har kofi biyu. Ranar Laraba ta tare shi.

"Malam, madarar ce ta yi yawa?"

"Daidai take, Bakwai."

"Ƙanƙarar fa?"

"Tana da sanyi, kamar yadda aka san ƙanƙara."

"To me ya sa kake bar mini rabi?"

"Ƙudaje nake bar wa. Su ma 'yan unguwa ne."

Ta san shi. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa yara rubutu ba tare da ya sa ɗaya kuka ba, ba zai buɗe baki ya ce gahawarta ta lalace ba. Kuma ba ta da halin ɗanɗanawa da kanta, domin shekara biyu ke nan likita ya raba ta da gahawa saboda hawan jini. Hanci da ido kawai suka rage mata. Mijinta kuwa ba shi da amfani a wannan fagen: Luong ko ruwan wanke buta aka zuba wa madara zai ce ya yi daɗi.

Ranar Alhamis ɗaya daga cikin tsofaffin, wani tsohon direban bas mai babbar murya, ya nuna sabon shagon da aka buɗe a bakin lungu da haɓarsa.

"Malam, an ce kujerunsu suna da majingina, kuma inji ne ke haɗa gahawar cikin sakan arba'in. Ba ma leƙa ba ranar Litinin?"

Sen tana goge tambulan, amma kunnenta yana wurinsu. A da Malam Khiem dariya zai yi. Wannan karon sai ya naɗe jaridarsa ya ce, "Mu ga Litinin ɗin."

Kwana huɗu ke nan gare ta. Ta zauna ta lissafa abin da ke shiga tambulan, ta samu huɗu: gari, madara, ruwa, ƙanƙara. Da la'asar ta hau bayan babur ɗin Luong har wurin mai soya musu 'ya'yan gahawa, ta sa ya buɗe buhu, ta shinshina, ta murza garin tsakanin yatsu. Mutumin ya rantse da kabarin kakansa cewa daga tudun Buon Ma Thuot kayan suka zo kamar kullum, ba a haɗa da masara ko waken suya ba. Ta yarda, domin hancinta ma ya yarda. Juma'a da safe ta fasa sabon katan na madara, ta tafasa ruwan roba maimakon na famfo, ta sa mai ƙanƙara ya kawo mata babban dutse ta farfasa da kanta maimakon 'yan ƙananan nan masu rami da ke saurin narkewa. Abu uku ta sauya a rana ɗaya. Malam Khiem ya bar rabi.

A hanyar gida, yana tuƙa ta a babur, Luong ya ce, "Ke ma dai, tsohuwa, kin cika sa abu a rai. Wanda ke ƙarƙashin teburi ai bai yi ƙorafi ba."

"Shi ma bai taɓa shanye nasa ba, Baban Diem. Ka kalli hanya."

Asabar ta ajiye kunya. Ta ja kujera ta zauna a gaban Malam Khiem, abin da ba ta taɓa yi a lokacin ciniki ba.

"Malam, ba na son ka faɗa mini laifin gahawar. Na san ba za ka faɗa ba. Faɗa mini kawai, me ya sauya a safiyarka?"

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. "To, tunda haka kika tambaya. A da, in kin ɗora mataci, nakan karance shafin farko tsaf, har hasashen ruwan sama, kafin ɗigon ƙarshe ya sauka. Makon nan ko labari na biyu ban kaiwa. Na ɗauka ko idona ne ya ƙara nauyi, sai na gwada da agogo. Ba idona ba ne."

Sen ta waiwaya ta dubi matatanta. Ta lura a makon nan matatai suna saurin komawa kwandon wanki, har ta yi murna a ranta, ta ɗauka hannunta ne ya ƙara sauri da tsufa. Ta ɗauki mataci ɗaya ta ɗaga shi saitin rana. Haske ya zubo mata a fuska kamar ta rariyar tankaɗe, bakin kowane rami yana ƙyalli. Ta ɗauki na biyu, na uku, na bakwai, duk haka. Sai ta durƙusa, ta nemi afuwa a ƙasan murya, ta ɗauko na ɗan gunkin. Nasa ramukan ƙanana ne, baƙaƙe, da ƙyar haske ke ratsawa.

Luong yana gefe yana cin burodi da nama. Tun da ya rufe garejinsa bara, ya gyara fankar gidan sau uku alhali lafiyarta lau.

"Baban Diem, wa ya taɓa mini matatai?"

Fuskarsa ta washe. "Sai yau kika gani? Ina ta jira ki yi magana. Ranar Lahadi da kika tafi ziyarar ƙanwarki na same su duk a toshe, baƙi ƙirin. Wayar da nake buɗe kafireto da ita na sa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Awa shida na yi."

"Awa shida."

"Rami tamanin da huɗu ne a kowane. Na bar na maigidan ƙarƙashin teburi, shi ban isa in taɓa kayansa ba."

Tamanin da huɗu sau ashirin da biyar, rami dubu biyu da ɗari ɗaya cif. Tsohon direban bas ya yi dariya har kujerarsa ta tuntsure.

"Ashe babur muke sha tun Litinin. Shi ya sa take gudu."

"A inji, in rami ya toshe buɗe shi ake yi," in ji Luong, muryarsa ta ragu.

"Wannan ba inji ba ne, tsoho. Kayan mahaifiyarka ne."

Ba ta tsaya faɗa ba, domin so take ta gani da idonta. Ta jera tambulan biyu, ta zuba cokali biyu na madara a kowane. Ta ɗauraye matatan biyu da ruwan zafi, na gunkin da wanda aka buɗe, ta zuba wa kowane cokali uku na gari, ta girgiza ya kwanta, ta ɗora faifai ta danna kaɗan. Ta ɗiga ruwan zafi kamar cokali biyu, ta jira sakan talatin garin ya kumbura, sannan ta cika ta rufe. Malam Khiem ya cire agogonsa ya ajiye a tsakiya, tsofaffi biyar suka sunkuyo.

Wanda aka buɗe bai ma ɗiga ba, tsiyaya ya yi, ya gama cikin minti ɗaya da sakan hamsin, ruwan ja-ja kamar shayi. Na gunkin kuwa ɗigo ɗaya a kowane sakan, baƙi, mai nauyi, yana faɗawa kan madara ya zauna a bisanta bai gauraya ba. Malam Khiem yana ƙirgawa da leɓe. Ɗari biyu da tamanin. Sen ta juya da cokali har launin ya koma na ƙasar tukunya, ta cika wani tambulan da ƙanƙara, ta juye a kai, ta miƙa masa. Ya kurɓa, bai ajiye ba sai da ƙanƙara ta taɓa masa hanci.

Saura ashirin da biyar, kuma Litinin jibi ce. Sababbin matatai suna nan a kasuwa tuli, amma Sen ta ce ba za ta zubar da kayan surukarta ba. Ta gwada niƙa garin ya ƙara laushi, sai ya bi ramukan ya kwanta a ƙasan tambulan kamar laka. Ta gwada danna faifai da ƙarfi, minti uku aka samu, ba a kai ba. Luong ne ya daɗe yana jujjuya mataci ɗaya a hannu, sannan ya ce alminiyam ƙarfe ne mai laushi, abin da waya ta buɗe guduma za ta iya tsukewa. Ya ɗauko 'yar gudumarsa mafi ƙanƙanta da wani dunƙulen ƙarfe, ya zauna a ƙofar gida.

Yinin Asabar da na Lahadi lungun bai ji komai ba sai ƙwas-ƙwas. In ya gama ɗaya, Sen ta haɗa, ta riƙe agogo. Ƙasa da minti huɗu, ya koma wurin guduma. Sama da biyar da rabi, ya tsuke da yawa. Shi ne kuma mai shanye gwajin, tunda ba a zubar da madara.

"Tsohuwa, wannan na tara ne. Hannuna rawa yake."

"Dama na san awa shida kake iya zama. Buga."

Biyu suka tsage a hannunsa, ta ajiye su tana zuba cokula a ciki. Ashirin da uku suka dawo hanya.

Litinin, ƙarfe shida da kwata, Malam Khiem ya zauna kusa da falwaya. Sen ta ɗauko mataci daga tsakiyar kwando ba tare da ta zaɓa ba, gindinsa duk sawun guduma, ta ɗora masa. Ya buɗe jarida. Ta juya baya tana sallamar wasu ma'aikata biyu, amma a zuci ƙirga take yi. Tana ɗari biyu da saba'in da wani abu ta ji ya ce wa abokansa za a yi ruwa da yamma. Da ta waiwaya, yana ɗage murfi.

"Malam, shagon can fa?" in ji direban bas.

"Sakan arba'in ka ce? Me zan karanta a sakan arba'in?"

Ya bar mata ƙanƙara uku a gindin tambulan. Tun ranar Luong ke wanke matatai kowace Lahadi, da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori, a gaban idonta.

Kayan ba su da wuyar haɗawa a gida: ɗan mataci irin wannan, cokali uku na garin gahawa mai ƙarfi wanda laushinsa bai wuce na tsaki ba, cokali biyu na madara mai kauri, ruwan da ya tafasa ya huta minti ɗaya, da tambulan cike da ƙanƙara. In ta gama ƙasa da minti huɗu, ƙara danna faifan. In ta wuce shida, sassauta. Gobe da safe ka ɗora naka, ka ajiye agogo a gefe, ka ƙirga ɗigon ka ga nawa za ka samu.