Abin da Na Karanta a Bayan Hannunta

Sana'ata dillancin motocin Kwatano ne, a bakin titi a Gyadi-Gyadi. Ban gaje ta ba. Da wankin mota na fara, kuma ido ne ya ɗaga ni. Idan aka kawo mota tana sheƙi, nakan shafa ƙofa da tafin hannu, in leƙa ƙarƙashin robar gilashi, in ce wa mai ita, "An taɓa ta." Sabon fenti ba ya shiga lungu, kullum akwai inda tsohon launi ke leƙowa. Da wuya in yi kuskure, har abokan sana'a sukan kira ni kafin su saya.

Da wannan idon na kalli matata, uwar 'ya'yana huɗu.

A lokacin an riga an gano tana da ciwon hanta, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa ta jini, muna zuwa ganin likita duk bayan 'yan watanni. Sai bayan hannunta ya fara yin bororo, kamar wadda mai ya fantsama wa. Ya fashe, ya bar tabo, wani ya fito. Ko murfin tukunya ta goga, fatar ta saɓule. Gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi, goshinta da kumatunta suka yi dabbare-dabbare, wani wuri duhu, wani wuri haske.

Duk wanda ya zauna a Kano ya san me ake cewa idan aka ga mace da baƙaƙen gaɓoɓi da fuska kala biyu. Ni ma abin da na ce ke nan.

"Wane mai kike shafawa?"

"Wanda ka sani, Alhaji. Man kaɗanya."

"Ni za ki yi wa wannan? Ni da nake gane motar da aka yi wa fenti daga tsallaken titi?"

Ta dube ni ta ce, "Ashe mota ce ni." Ta ɗauki farantin ta fita.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma na je Darmanawa na faɗa wa yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Na ce matata na bilicin a ɓoye, ga hanta ba lafiya, ta zo ta yi mata faɗa. Yaya ta zo gidanmu a Tarauni da hantsi. Ta buɗe durowar madubi, ta zazzage jakar kayan shafa a kan gado, tana buɗe kwalabe tana sunsunawa. Ba ta sami komai ba. A tsakar gida ta ce mini, "Ai ba a ɗaki suke ajiyewa ba." Na yarda da ita, domin abin da nake so in ji ke nan.

Ranar komawa asibiti na shiga ɗakin likita tare da matata. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Tun kafin ta buɗe fayil na ce, "Likita, ki yi mata magana. Man bilicin take shafawa, dubi hannunta."

 Ta kama hannun matata ta juya shi, sannan ta ce, "Hajiya, ja mini hannun rigar sama." Daga wuyan hannu zuwa kafaɗa fatar lafiya lau, launinta na asali. Ta duba wuya, inda hijabi ke rufewa. Nan ma babu komai.

"Alhaji, mai bilicin iya bayan hannu take shafawa?"

Ta juya ga matata.

"Hajiya, wane aiki kike yi a rana?"

"Wanki da shanya. Ina kuma dafa abincin rana a waje."

"Fitsarinki fa, wane launi?"

Matata ta sunkuyar da kai. "Wani lokaci kamar shayi ba madara. In ya daɗe a fo sai ya ƙara ja."

Wata biyar tana ganin haka ba ta faɗa mini ba. Da wane baki za ta faɗa wa mutumin da ya sa aka zazzage mata jaka?

Likitar ta ce tana zargin wata cuta da ake kira fofiriya. Na sa ta maimaita sunan. Ta ce akwai wani sinadari da hanta ke sarrafawa wajen haɗa jini. Idan hantar ta raunana, wani lokaci yakan taru ya bi jini zuwa fata, sai hasken rana ya ƙona duk inda ya taɓa. Amma ta ce ba za ta yanke da ido ba. Mai ciwon hanta fitsarinsa kan nuna ɗan wannan sinadarin ko da ba shi da cutar, don haka sai an gwada fitsari da jini, a ga yawansa da irinsa. Ta ba mu kwalba, ta ce a naɗe ta a baƙar leda, kada haske ya taɓa ta. Ni na riƙe ledar har ɗakin gwaji. 

An ɗauki makonni kafin sakamako ya dawo, kuma ya tabbatar da zarginta. Aka tsara a riƙa ɗibar jininta kaɗan-kaɗan don rage sinadarin ƙarfe da aka ce ya taru mata a hanta, a ci gaba da maganin hanta. Aka ce ta guji rana, in kuwa fita ta zama dole ta sa safar hannu.

A mota na ce, "Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji ta. "Amma ba ni kaɗai ka faɗa wa ba."

Washegari na je Darmanawa da takardar sakamakon. Yaya ta juya ta gaba da baya, ta ce Allah ya ba ta lafiya. Sai ta ƙara da cewa ita dai ba da mugun nufi ta ambata wa matan ajinsu na Islamiyya ba, shawara take nema. A makarantar nan matata take karatu ranar Asabar da Lahadi.

Bororon ya daina fitowa bayan wasu watanni. Wata Asabar na ga matata ta shirya, tana zura baƙar safar hannu, za ta tari adaidaita. Na ce ta bari in kai ta. A hanya ta ce, kamar tana ba ni labarin farashin tumatir, wata a ajinsu ta tambaye ta ko safar ta ɓoye ɓarnar mai ce, har ta ba ta sunan wani sabulu da ke dawo da fata.

Na taka birki a gefen titi. "Takardar tana nan cikin mota. Zan shiga in nuna musu."

"Wa za ka nuna wa, Alhaji? Ajin mata ne."

"To ke ki kai musu."

"In bi mace arba'in da takardar fitsarina?" Ta gyara safar a yatsunta. "Ja mu je, malama ba ta son makara."

Na ja. A ƙofar makarantar ta sauka, ta ce kada in dawo ɗaukarta, za ta biyo maƙwabciyarmu.