Asabar ɗin da na yi wa Malam Habu alƙawari

Ina tsaka da yanka yadi da safen nan wayata ta yi ƙara. Mista Bitrus ne, malamin makarantar nan ɗan Filato da muke zaman hira tare. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce Malam Habu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban san inda na yar da almakashin ba.

Jiya Malam Habu ya je Kabo gaida yayarsa, ya kwana can. Bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Yanzu muka dawo daga jana'iza.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Habu mai gyaran rediyo ne a nan Gwarzo. Shagonsa manne yake da shagona na ɗinki, shekara goma da ɗoriya. Ko sunana ba ya kira, Tela kawai.

Ban taɓa ganin mai son kamun kifi da fatsa irinsa ba, kuma ba don sayarwa ba. Duk Asabar shi da Mista Bitrus su hau babur su nufi dam wajen Kabo, su dawo da yamma da karfasa uku 'yan mitsi-mitsi da labari cikin buhu.

Shirin kuwa tun Juma'a ake fara shi, da an sauko daga masallaci. Ya tono tana a gindin randar alwala, ya zuba a gwangwanin madara da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya kwaɓa dusa da ƙuli-ƙuli. Dalmar da yake liƙin rediyo da ita, ita yake dunƙulewa don ƙugiya ta nutse. Sai ya yayyanka tsohon silifa, abin da zai riƙa yawo a saman ruwa ya nuna in kifi ya taɓa. Wallahi nawa ya taɓa yankawa ina salla, wai ya ɗauka ya mutu. Da ƙafa ɗaya na koma gida, shi kuwa dariya har da riƙe ciki.

Ɗaurin ƙugiya kuma aikina ne. Ya ce ƙullin tela ko tarwaɗa ba ta kwance shi.

Amma ban taɓa bin su ba. Ko sau ɗaya.

Mutane suna ta tsokanata, wai tela ya iya shiri bai iya tafiya ba. Ga gaskiyar yau. Ina ɗan sakandare ruwa ya ci yayana Nasiru a rafin garinmu, wajen Kutama, ina tsaye ina kallo. Tun daga ranar ko gada mota za ta hau sai na runtse ido. Matata ma ba ta san abin ya kai haka ba.

Malam Habu kaɗai na faɗa wa, sau ɗaya tak. Bai sake tayar da maganar ba. In aka fara tsokanar sai ya tare, ya ce ku ƙyale shi, Asabar ce ranar kasuwar tela. Amma duk Juma'a sandar fatsa uku yake haɗawa. Ranar Asabar su tafi da biyu, ɗaya ya jingine ta a ƙofar shagona, da yamma ya ɗauke abarsa. Shekara da shekaru fa.

Ranar Talatar nan ya shigo ya zauna a bencina, yana murza gwiwa.

"Tela, gwiwar nan ta fara ƙin babur. Ina so in gan ka zaune a bakin ruwa sau ɗaya, ko ba ka jefa komai ba."

Ban san lokacin da na ce to, Asabar ɗin nan ba.

Kai, ku zo ku ga murna! Dattijo ya kasa jiran Juma'a, nan take ya fita tonon tana. Ya dawo yana tsara mini yadda za a yi. Wai akwai wata ɗorawa can nesa da ruwa, a ƙarƙashinta za mu fara zama mu sha shayi, sannan mu riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

"In ƙafarka ta ƙi, mu juyo. Ba mai ji."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau Alhamis. A hanyar dawowa daga Kabo zuciyata ta yi ta raya mini cewa alƙawarin ya faɗi, tunda daga ni sai shi muka sani. Har wani sauƙi na ji, kuma na ji kunyar jin sa, sai da na yi hawaye a mota.

Shi ya sa na rubuta a nan. Abin da Malam Habu ya rufa mini shekara goma na buɗe da hannuna, don kar in samu hanyar gudu. Na kira Mista Bitrus, ya ce Asabar ƙarfe bakwai zai zo da babur. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini. Allah ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka shi a addu'a, ya haɗa da Yaya Nasiru. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya riƙe mini ƙafata jibi, in ƙarasa har bakin ruwan.