Ƙofar da Yaya Ɗanjuma Ya Bar Mini Rabi

Mai karatu, matso kusa, jawo tabarma, don maganar da ke bakina ba ta tsaye ba ce. Da wannan daminar Yayana Ɗanjuma ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Addu'a na yi, sadakar waina ma na raba wa maƙwabta. Abin da ya rage ƙara ce na kawo, tunda shi ba ya nan balle in faɗa masa a gaban idonsa, mutanen gidanmu kuma sun gaji da ji. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ajin yaƙi da jahilci na yi, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Ba shi kaɗai ne ya karkace a hannuna bana ba.

Duk wanda ya zauna unguwar Nasarawa Gwom ta Jos a wancan lokaci ya san Ɗanjuma mai ƙona. Sana'arsa zane a jikin itace da ƙarfe mai zafi. Ludayi, muciya, kujerar mata, akwatin amarya, ba abin da bai yi wa ado ba. Asalinsa leburan kuza ne a Bukuru, aka ba shi aikin buga lamba a jikin akwatunan kamfani da ƙarfen wuta. Sai ya fara yi wa lambobin ƙafafu da wutsiya, har shugaban leburori ya ce masa ya tafi ya yi a gidansu. Ya kuwa zo ya yi a gidanmu, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da kaskon gawayinsa da surutunsa.

Shekarar da marigayi maigidana ya sa mini sabuwar ƙofa ta farin katako, Yaya ya zo ya shafa ta da tafin hannu, ya ce, "Asabe, ƙofar nan tsirara take. Zan yi mata sutura." Ban roƙe shi ba, Allah shaida. Ya cire ta ya kwantar a tsakar gida, ya bar ni da asabari a bakin ɗaki cikin sanyin Jos, ni da yara muna rawar ɗari. Ya zana rabin sama. Wallahi ya zana! Dagi a tsakiya, ƙayar kifi a gefe da gefe, tsuntsaye biyu suna kallon juna, sannan wani layin ɗige-ɗige baƙaƙe da ya ratsa daga wannan ɓari zuwa wancan, wanda na fi so a cikin aikin duka. Daga nan ya mayar da ƙofar mazauninta, ya ce itace na son hutu, gobe zai ƙarasa.

Goben nan ta yi shekara uku. In na tuna masa sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." In ce masa, "Ƙarasa karin maganar mana, Yaya: sai dai a daɗe ba a je ba." Ya yi dariya, ya ce in zuba masa tuwo. Har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, har aka ɗauke shi, rabin ƙasa na ƙofata fari fat kamar tafin hannu.

Shekara bakwai ina amsa tambaya. Baƙuwa ta yi sallama, kafin ta zauna ta ce, "Faɗa kuka yi da mai zanen?" Wata ta ce ko yayi ne na mutanen Legas. Kowa da bakinsa. Ni dai in na buɗe ƙofar da safe nakan ce, "Ka gani ko, Yaya?" in wuce wurin murhu. Mun saba, ni da ita.

Sai ga Garba da gwangwanin fenti. Garba autana ne, shi ya sa nake kiran sunansa gatsau. Yana tuƙa motar haya tsakanin Jos da Bukuru, bayan Babbar Sallah kuma za a kawo masa amarya. Ya shafe gidan nan kaf da shuɗin fenti, har akurkin kaji bai tsira ba. Ya zo ya tsaya a bakin ɗakina da buroshi a hannu.

"Inna, ƙofar nan fa ita kaɗai ta rage."

"Hannun kawunka ne a jiki."

"Rabin hannunsa, Inna. Dangin amarya su zo su ga abu kamar askin da wanzami ya gudu a tsakiya? Ko a gama ta kafin biki, ko in rufe ta."

Na ce a gama ta. Wa zai gama? Nan gizo ke saƙa. Na aika ciki da wajen gari, babu. Masu wannan aiki wasu sun mutu, wasu sun koma direbobi da masu gadi. Wa zai zauna yana hura gawayi a kan ludayi, bayan ga na roba ja da kore a kasuwa an tara kamar tumatir? Da Yaya zai leƙo ya ga amaren yanzu da kwanukan samira har rufin ɗaki, ba ko akushi ɗaya, na san abin da zai ce: "Kayan da ba a san hannun da ya yi su ba, da wa za a yi faɗa in sun fashe?"

Da na rasa kowa, sai na durƙusa na jawo ƙunshin tsumman da ke ƙarƙashin gadona. Ƙarafansa ne. Ɗaya mai baki kamar wuƙa na jan layi, ɗaya mai tsini kamar basilla, ɗaya ƙusa ce mai zagayayyen kai ta yin ɗigo, sai wani siriri da ya yi da wayar ƙafar keke. Mariƙansu sun yi baƙi da zufar hannunsa.

Yaya bai taɓa koya mini ba. In na matso sai ya ce hayaƙi zai ɓata mini kwalli. Amma ni kunne gare ni. Duk faɗan da ya yi wa masu zuwa koyo yana cikin kaina, da muryarsa da tsakinsa. A goge katako da samfefa sai ya yi santsi kamar kumatun jariri. A fitar da zanen da fensir, sama-sama. A sa ƙarfe biyu ko uku a wuta, ana aiki da ɗaya sauran suna jira. Ƙarfen da ya yi ja jawur mahaukaci ne, a bari jan ya kwanta, sannan a ɗanɗana shi a jikin guntun katako kafin a kai shi ga aiki. A jawo layi zuwa wajen ƙirji, a bi jijiyar itace, kada a yi mata gardama. A fara da haske, don ana iya ƙara baƙi amma ba a iya rage shi. Sai babbar dokarsa: "Kada ka danna! Wuta ce ma'aikaciya, kai ɗan rakiya ne."

Ji da kunne daban, yi da hannu daban. Oga Emeka kafinta, wanda shagonsa ke jikin katangarmu tun dawowarsu bayan yaƙin basasa, shi ya riƙa tara mini guntayen katako a buhu. Na huda su, na babbake su. Layina ya tashi tsaye ya ƙare a kwance kamar hanyar Vom mai yawan kwana. Na ƙona gefen zanena mai tsada. Wata rana na ɗauki guntu mai tsohon fenti, hayaƙinsa ya shaƙe ni na wuni ina tari, sai a lokacin na tuna Yaya ba ya taɓa itacen da aka shafa wa komai, kuma kullum iska tana bayansa in ya zauna. Me ya hana ka faɗa mini dalili, bawan Allah? Sai ka yi ta zagaya kasko kamar kaza mai neman wurin ƙwai, mu muna zaton tsirfa ce!

Da Oga Emeka ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya aro mini ƙarfen lantarki wurin mai gyaran rediyo. Ya ce, "Mama, wannan ba gawayi, ba hayaƙi. Ka sa a soket, shi ke nan." Na sa. Ya yi zafi daidai, ba ya hucewa, har na fara jin daɗi ina cewa da Yaya ya ga wannan da ƙofata ta daɗe da ƙarewa. Ina tsakiyar layin da ya fi kowanne miƙewa aka ɗauke wuta. Ba ta dawo ba sai da na sauke tuwo. Na mayar masa da abinsa. Da Yaya na nan da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce shi gawayinsa bai taɓa tafiya hutu ba tare da sallama ba.

Haka na yi ta fama har Sallah ta matso. Gwangwanin fenti yana zaune a gindin randa, duk wucewar da zan yi sai mun haɗa ido. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni ranar ta cim mini. Wata safiyar Talata, bayan ruwa ya ɗauke, na sa Oga Emeka ya cire ƙofar ya kwantar a ƙarƙashin mangwaro, daidai inda ta taɓa kwanciya. Na goge, na fitar da layi da fensir, na ɗanɗana ƙarfe a guntu. Na yi bisimilla na ɗora.

Hannuna ya tsaya. Ban san me ya riƙe shi ba, ƙila ganin farin da na saba gani shekara da shekaru. Ƙiftawar ido ce, amma wuta ba ta jira. Da na ɗaga, ga wani baƙin tabo ƙato kamar ƙwayar wake a tsakiyar ƙofar. Oga Emeka ya kama kai ya ce, "Chai! Mama, ka kashe shi." Na zauna daɓas a ƙasa. Na ce shi ke nan, Garba ya kawo buroshinsa, Yaya ya bar mini rabi ni kuma na ɓata rabin.

Ina zaune sai wata maganarsa ta faɗo mini, wadda na ji yana faɗa wa wani mai koyo ƙasa-ƙasa, kamar ba ya son mangwaro ya ji: "Wuta ba ta da magogi. In ka yi kuskure, yi masa ƙanne. Tabo ɗaya ɓarna ne, tabo a jere ado ne." Na ɗauki ƙusar nan mai zagayayyen kai, na yi wa tabona ƙane a dama, na yi masa a hagu, na yi ta jera su har suka kai gefe da gefe. Da na miƙe don in duba daga nesa, sai idona ya hau kan rabin sama, kan layin ɗige-ɗigen nan nasa da na yi shekara goma ina nuna wa baƙi ina alfahari. Na sunkuya na duba da kyau. Na tsakiyar ya fi sauran girma, ya fi su zurfi, gefensa ɗaya ma ya ɗan zube.

Ashe kai ma, Yaya! Ashe hannunka ya taɓa tsayawa a kan ƙofata, ka jera wa abin ƙanne, ka bar ni ina yabo kana shafa gemu kana cewa sirrin sana'a ne! Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na yi ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida ina share ido, Oga Emeka yana tambaya ko hayaƙi ne. Na ce masa hayaƙi ne.

Daga ranar hannuna ya saki. Ban ce ya gyaru ba, saki na ce. Ƙayar kifina ta fi kama da tsintsiyar da ta tsufa, tsuntsun da na gwada kuwa maƙwabciyata ta ce kyakkyawar agwagwa ce. Da na shafe ƙofar da man kaɗanya, sama da ƙasa suka ɗau launi ɗaya, amma makaho ma in ya shafa zai gane inda Yaya ya tsaya da inda na kama. Garba ya dawo daga Bukuru da la'asar, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan ƙaton ɗigon kawunsa, ya sauko da shi kan nawa.

"Inna, abin naku na gado ne ke nan."

"Rufe mini baki. Ina fentin?"

"Ƙofar bayan gida na neman ƙari," in ji shi, ya ɗauki gwangwaninsa ya yi gaba.

Yanzu in na auna abin da Yaya Ɗanjuma ya bari, ba shi da yawa. Ludayansa sun ƙare a tukwanen mutane, kujerun sun karye an hura wuta da su, ramukan kuzar da ya yi wa bauta sun zama tafkuna. Sai ƙarafa huɗu, da faɗansa da ya maƙale a kunnena, da wannan dabara ta mutumin da ba ya yarda ya yi kuskure amma ya san yadda ake zama da shi. Na ga kuma ba a kan ƙofa kaɗai take aiki ba. Ban yafe masa sanyin da na sha a bayan asabari ba tukuna, amma muna kan magana.

Sai dai ga inda nake neman shawara. A can ƙasan ƙofar akwai wajen taƙi ɗaya da ban taɓa ba, ko man kaɗanya ban shafa masa ba, fari fat. An mayar da ita mazauninta saboda biki, kuma jiya da Garba ya tambaye ni yaushe zan ƙarasa, da kunnena na ji bakina ya ce, "Itace na son hutu, gobe." To, mai karatu, kai da ka saurare ni har nan, in hura gawayi in gama ta, ko in bar wa yaron nan taƙi ɗaya da zai riƙa yi mini mita a kai duk safiya, bayan ba na nan?