Gyambon Goɗiyar Baba

A daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba, daga ni sai goɗiyarsa muka rage a gidanmu na Yerimaram. Kullum nakan kai ta kududdufi ta sha ruwa, ta tsaya ciki har gwiwa. A nan ta kwaso gyambo a ƙafa, mai fitar da ƙululu kamar tsakuwa.

Malamin dabbobi ya yi allura, ya ba da man shafawa, amma gyambon sai ci yake. Daga ƙarshe ya ce mini, "Ɗan'uwa, cutar ruwan kwance ce. Kamar funfuna take, sai dai ba ta jin maganin funfuna."

Abokan Baba, dillalan shanu, sun leƙo sau ɗaya. Babbansu ya toshe hanci ya ce, "Da saniya ce, da tuni an kira mahauci." Mu kuwa ba ma yanka doki, ido muke zuba masa. Dillalan ba su sake dawowa ba.

Ni kaɗai na yi ta kore mata ƙuda har kaka. Da ta faɗi, ko mutum ɗaya bai zo gaisuwa ba. Wa ke ta'aziyyar goɗiya? A ranar na yarda Baba ya tafi.